Haƙori Ba Ya Tsirowa Sau Uku: Abinci Bayan Tiyata da Tsabtar Baki ta Kullum

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana da ciwon haƙori ba sai an yi masa dogon bayani a kan muhimmancin wannan batu ba. Ciwo ne da ke hana babba barci, ya hana manomi fita gona, ya kuma sa ɗalibi ya zauna a aji dafe da kunci, malami na bayani amma ba abin da ke shiga kunnensa. A ƙasar Yankwashi da maƙwabtanta, wato Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, a arewa maso yammacin Jihar Jigawa, mai ciwon haƙori yakan fara ne da abin da ke kusa da hannu. A danna kanumfari a cikin kogon, ko a kurkure baki da ruwan gishiri, ko a aiki yaro kemis ya sayo ƙwaya. Sai abin ya faskara, kunci ya kumbura, sannan a nemi kuɗin mota a nufi asibiti. Sau da yawa kuwa a wannan lokaci haƙorin ya riga ya wuce gyara, ba abin da ya rage sai cirewa.

To amma cirewar ba ita ce ƙarshen zance ba. Likita yakan gama nasa aikin cikin ɗan lokaci, amma warkewar ramin da aka bari aiki ne na makonni, a gida kuma ake yin sa, da abin da aka zuba wa majinyaci a kwano. Likitocin haƙori ba su da yawa a ƙasar nan, kuma akasarinsu a manyan birane suke. Saboda haka mutumin da ya taso daga Karkarna ko daga wani ƙauye na Gwiwa aka cire masa haƙori, idan ya yi kuskure ramin ya ɓaci, komawarsa asibiti asarar kuɗi ce da asarar yini, ban da azabar da zai sha kafin ya isa.

Matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2022, ta ƙiyasta cewa kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki a duniya. Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda haƙori yake da abin da ke lalata shi, sannan irin abincin da ya dace da wanda aka yi wa aiki a baki, daga nan kuma yadda za a tsabtace haƙoran da suka rage don kada a sake komawa gidan jiya.

Yadda haƙori yake

Ɗan Adam yana yin haƙora sau biyu ne kacal a rayuwarsa. Na farko su ne haƙoran nono guda 20, waɗanda kan fara fitowa jariri yana da kimanin wata 6. Idan yaro ya kai shekara 6 sai ya fara famfara, manyan haƙora su riƙa maye gurbin ƙananan, har su cika 32. Turame huɗu na can ƙurya su ne na ƙarshen fitowa, galibi tsakanin shekara 17 zuwa 25, kuma su ne suka fi kai matasa ga tiyata, domin sukan rasa wurin fita su karkace cikin ƙashi.

Akwai wani turmi da ya kamata iyaye da malamai su sani. Yana fitowa ne a bayan haƙoran nono tun yaro yana da shekara 6, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Don haka iyaye da dama sukan ɗauka shi ma na nono ne, idan ya yi kogo su ce a bar shi ai zai famfare. Alhali kuwa babban haƙori ne, idan ya tafi ya tafi ke nan.

Kowane haƙori yana da hawa uku. Farin ɓawon da muke gani shi ake kira inamel, kuma babu abin da ya kai shi tauri a jikin mutum, har ƙashi. Kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne, wanda sinadaran kalsiyam da fosfet suka haɗu suka gina. Sai dai ba shi da rai, saboda haka idan ya ɓare ba ya tofowa kamar fata ko farce. A ƙarƙashinsa akwai dentin, mai ɗan launin rawaya, wanda bai kai shi ƙarfi ba, kuma yana da ƙananan kafofi masu kai saƙon sanyi da zaƙi ciki. A tsakiya kuma akwai ɓargon haƙori, inda jijiyoyin jini da na jin zafi suke. Saiwar haƙori tana kafe ne cikin ƙashin muƙamuƙi, dasashi kuma ya lulluɓe ta.

Shin tsutsa ce ke cin haƙori?

Mutane da yawa sun yi imani cewa wata tsutsa ce ke raraƙe haƙori, har akwai masu magani da ke yin turare su nuna wa majinyaci abin da suka ce tsutsar ce ta faɗo. Ba Hausawa kaɗai suka taɓa yarda da haka ba, mutanen Babila da na Turai ma sun daɗe a kan wannan fahimta. A shekarar 1683 wani mutumin Holan mai suna Antonie van Leeuwenhoek ya kankaro dattin haƙorinsa ya duba a madubin ƙara girman abu, sai ya ga ƙananan halittu birjik suna motsi. A 1890 wani likitan haƙori ɗan Amurka, Willoughby Miller, ya bayyana cewa waɗannan ƙwayoyi ne ke cin ragowar abinci su fitar da asid, asid ɗin kuma ya narkar da haƙori. A 1924 aka gano ɗaya daga cikin manyan masu wannan ɓarna, aka raɗa mata suna Streptococcus mutans.

Ga yadda abin yake faruwa. Ƙwayoyin bakteriya suna taruwa su manne a jikin haƙori, su zama wani farin datti mai yauƙi wanda mutum kan ji da harshensa idan ya tashi daga barci. Da zarar sukari ya shiga baki, cikin 'yan mintuna sai su mayar da shi asid. Masana suna auna tsami da ma'aunin pH, wanda lamba 7 ce tsakiyarsa, kuma iya raguwar lambar iya ƙarfin tsamin. Yawu yana kusa da 7. Idan tsamin da ke jikin haƙori ya sauko ƙasa da kimanin 5.5, sai kalsiyam ya fara zubewa daga inamel. Yawu ne ke kawo ɗauki. Yana wanke asid ɗin, yana kuma mayar da ma'adinin da ya zube, amma yana bukatar rabin awa zuwa awa guda kafin ya daidaita al'amura.

Daga nan mai karatu zai gane cewa yawan lokutan da ake shan zaƙi yana da haɗari ƙwarai. Ɗalibar da ta sayi alewa biyar ta shanye su bayan cin abincin rana ta jawo wa haƙoranta farmaki ɗaya. Wadda kuwa ta riƙa tsotsar su ɗaya bayan ɗaya tun daga taron safe har zuwa tashi, ta jawo farmaki biyar, yawu bai sami sararin yin gyara ba. An tabbatar da wannan a wani bincike da aka yi a asibitin Vipeholm na ƙasar Suwidin daga 1945 zuwa 1953, inda aka ga cewa waɗanda aka riƙa ba alewa mai danƙo tsakanin abinci da abinci su ne haƙoransu suka fi ruɓewa. An yi binciken ne a kan masu taɓin hankali waɗanda ba su da ikon cewa a'a, kuma a yau masana sun yi tir da yadda aka gudanar da shi, amma darasin da aka samu bai canza ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da zarar inamel ya huje, ɓarna takan yi sauri cikin dentin, idan ta kai ɓargo kuma sai ciwon dare ya fara.

Abin da ke faruwa a ramin da aka cire haƙori

Idan aka cire haƙori, abin da ya rage rami ne a cikin ƙashi. Nan take jini yakan cika shi, ya daskare ya zama guda. Wannan gudan jini shi ne murfin da ke kare ƙashi da jijiyoyi daga iska da abinci da ƙwayoyin cuta, kuma a cikinsa ne sababbin jijiyoyin jini da sabon nama za su tsiro. Dasashi yakan rufe bakin ramin cikin mako biyu zuwa huɗu, amma ƙashi sai ya ɗauki watanni kafin ya cike.

Duk dokokin da likita ke gindayawa a ranar farko manufarsu ɗaya ce, wato kada gudan jinin nan ya fita. Idan ya fita ko ya narke, ƙashi yakan zauna a buɗe, sai a sami abin da likitoci ke kira busasshen rami. Alamarsa ita ce ciwon da ya fara lafawa ya dawo da ƙarfi bayan kwana 2 zuwa 4, yana harbawa har cikin kunne, ga wari da ɗanɗano mara daɗi a baki. An fi samun haka bayan cire turmin ƙurya na ƙasa, da kuma ga masu shan taba.

Saboda haka a cije audugar da likita ya sa na tsawon rabin awa, ba tare da yawan magana ba. A awa 24 na farko kada a kurkure baki, kada a riƙa tsartar da yawu, kada a zuƙi abin sha da bututun roba, kada kuma a kai harshe ko yatsa wurin. Kurkura da tsartarwa da zuƙa duk suna iya tumɓuko gudan jinin. Mai shan taba ya haƙura da ita aƙalla kwana uku. A bar aikin ƙarfi kamar noma da daka da ɗaukar kaya a wannan rana, a kuma ɗaga kai da matashi wajen kwanciya. Idan jini ya sake ɓallewa, a naɗe tsumma mai tsabta a ɗan jiƙa shi, a ɗora a wurin a cije na minti 20 zuwa 30.

Me za a ci?

A nan ne ake yin kuskure iri biyu. Wani don tsoro sai ya ƙaurace wa abinci, ya wuni da ruwan shayi, jiki ya rasa abin gina sabon nama. Wani kuma da ya ji zafi ya lafa sai ya tsaya wurin mai tsire. Dukansu sun kauce hanya.

Da farko a jira allurar kashe zafi ta saki, abin da kan ɗauki awa 2 zuwa 4. Wanda leɓensa da harshensa suka mutu zai iya cizon kansa ko ya ƙone da kunu bai sani ba, musamman yara. A ranar farko a tsaya ga abinci mai ruwa-ruwa wanda ya huce. Kunu da koko suna da kyau, amma a bar su su sha iska, domin zafi yana buɗe jijiyoyin jini ya tayar da zubar jini. Kindirmo da nono na daga cikin mafi dacewa, ga sanyi ga gina jiki, kuma ba su da wuyar samu a wannan yanki. Idan fura za a sha, a dama ta sosai ba gudaji, a kuma rage yaji. A sha da cokali ko ludayi, a sha ruwa da yawa.

Daga rana ta biyu zuwa ta uku sai a shiga abinci mai laushi da ba ya bukatar tauna sosai, kamar tuwo mai taushi da miyar kuka ko kuɓewa, faten dankali, faten wake da ya nuna lugub, alala, dafaffen ƙwai, kabewa, ayaba, gwanda, da kifin da aka cire wa ƙaya. A riƙa tauna da ɗaya gefen. Daga rana ta huɗu zuwa mako guda ana iya komawa ga abincin gida sannu a hankali, gwargwadon yadda baki ya karɓa.

Abubuwan da za a ƙaurace wa na mako guda sun kasu uku. Akwai masu tauri da kan fama rauni, irin su ƙuli-ƙuli, kilishi, soyayyar gyaɗa, aya, goriba, rake da goro. Akwai masu ƙananan ƙwayoyi da kan faɗa cikin ramin su maƙale, irin su kantun riɗi, gugguru da dambu. Sai kuma masu yaji ko tsami da kan sa raɗaɗi, kamar yajin tsire, lemon tsami, tsamiya da lemon kwalba.

Jiki kuwa yana da bukatunsa na gini, kamar yadda magini ke bukatar ƙasa da ruwa da azara. Yana bukatar furotin, wanda ake samu a wake, ƙwai, nono, kifi da kunun gyaɗa. Yana bukatar bitamin C domin ƙera wani zare mai suna kolajin, wanda shi ne ke ɗinke rauni. Tun a 1747 wani likitan jiragen ruwan Ingila, James Lind, ya nuna cewa lemo yana warkar da matuƙan jirgi da dasashinsu ke kumbura yana zubar da jini saboda daɗewa ba su ci ɗanyen abu ba, ko da yake sai bayan shekaru masu yawa aka gano sinadarin da ke yin aikin. Mu a nan muna da gwanda da gwaba da tumatir, ga kuma garin 'ya'yan kuka wanda ke ɗauke da bitamin C mai yawa, ana iya dama shi da nono. Kalsiyam na gina ƙashi kuwa yana cikin nono da ganyen zogale da kuka. A taƙaice, babu abin da majinyaci ke bukata wanda babu shi a kasuwar ƙauyensu.

Akwai wata tiyatar da ta fi cire haƙori nauyi. Haɗarin babur yakan jawo karayar muƙamuƙi, kuma a manyan asibitoci irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ɗaya daga cikin hanyoyin gyara ita ce a ɗaure haƙoran sama da na ƙasa da waya na tsawon mako 4 zuwa 6. Mai wannan hali ba ya iya buɗe baki, komai sai an mayar masa da shi ruwa. Idan kunun gero kaɗai aka riƙa ba shi zai rame, ƙashin kuma ya yi jinkirin haɗewa. Kamata ya yi a riƙa markaɗa masa wake da kifi da ƙwai dafaffe a tace, a haɗa masa da nono da kunun gyaɗa da romo, a ba shi kaɗan-kaɗan sau shida ko fiye a rana, a kuma tsabtace wayar bayan kowane ci.

Tsabta da magani a kwanakin jinya

Bayan awa 24 sai a fara kurkure baki a hankali da ruwan ɗumi, a zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi guda, sau uku ko huɗu a rana, musamman bayan cin abinci. Sauran haƙora a ci gaba da goge su, a kauce wa wurin raunin kawai na 'yan kwanaki. Barin baki da datti don tsoron fami ya fi gogewar haɗari.

A sha maganin da likita ya rubuta yadda ya ce. Kada a sayi asfirin don kashe zafi bayan cire haƙori, saboda yana hana jini daskarewa. Haka kuma ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, ko ɗiga ruwan batir ko fetur a kogon haƙori, ƙona nama kawai suke yi. Tun kafin a fara aiki, wajibi ne majinyaci ya gaya wa likita idan yana da ciwon sukari, hawan jini, sikila, ko juna biyu, ko kuma yana shan maganin tsinka jini.

Kumburi kaɗan ba abin tsoro ba ne, yakan kai iyakarsa a rana ta biyu ko ta uku sannan ya fara sacewa. Amma idan jini ya ƙi tsayawa, ko zazzaɓi ya rufe mutum, ko mugunya ta fito, a koma asibiti. Idan kuwa kumburi ya gangaro ƙarƙashin haɓa, haɗiya ko numfashi suka fara wuya, to kada a jira gari ya waye. Irin wannan kumburi yana iya toshe maƙogwaro ya yi kisa.

Buroshi da asuwaki

Wanda aka cire wa haƙori ɗaya yana da saura da zai tsare. A 1965 wani masani mai suna Harald Löe da abokan aikinsa a ƙasar Denmak suka nemi wasu masu lafiyayyen dasashi su daina goge baki. Cikin kwana 10 zuwa 21 dasashinsu ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kimanin mako guda ya warke. Wannan ya nuna cewa jinin da mutum ke gani wajen goge baki galibi alama ce ta cewa datti ya taru a gindin haƙora, maganinsa kuma ƙara kula da gogewa. Idan aka bar dattin ya daɗe, yakan ƙanƙare ya zama kantsa, wadda sai likita ne zai iya kankare ta. Kantsa kuma ita ce mafakar ƙwayoyin da ke cin ƙashin da ke riƙe da haƙori, har ya fara girgiɗi ya faɗi ba tare da ya taɓa yin kogo ba.

Ƙa'idar ita ce a goge baki sau biyu a rana, minti biyu kowane karo. Gogewar dare ta fi ta safe muhimmanci, domin yawu yana raguwa ƙwarai lokacin barci, mai gadi ya tafi ke nan an bar ɓarayi da gida. A zaɓi buroshi mai laushi, a karkata shi zuwa inda haƙori ya haɗu da dasashi, a riƙa juya shi a hankali haƙori biyu-biyu, ta waje da ta ciki da kuma saman turame. Dirzawa da ƙarfi kamar ana wanke tukunya tana zaizaye wuyan haƙori, haka ma gawayi da toka da gishiri. A goge harshe. A canza buroshi duk bayan wata uku, kuma kowa da nasa. Tsakanin haƙora, inda buroshi ba ya shiga, a yi amfani da zaren sakace, a guji allura da tsinken tsintsiya.

Asuwaki kuwa ba baƙo ba ne a wurinmu. Buroshin nailan sai a 1938 ya shigo kasuwa, alhali kakanninmu sun daɗe suna tsabtace baki da reshen itace, addinin Musulunci kuma ya kwaɗaitar da yin haka. Ana yin sa da darbejiya da marke da wasunsu, ga kuma na itacen arak da alhazai ke kawowa tsaraba. Binciken masana ya nuna cewa asuwaki, idan an iya riƙe shi, yana cire datti kusan kamar buroshi. Sai dai yana da wuyar kaiwa bayan haƙora da turamen ƙurya, kuma da yawa daga masu yin sa haƙoran gaba kawai suke gogewa suna tafe suna hira. A tauna bakinsa ya yi laushi, a bi haƙora ɗaya bayan ɗaya, a kuma yanke tsohon bakin kullum. Mafi kyau shi ne a haɗa biyun, asuwaki da rana wajen alwala, buroshi da man goge baki safe da dare.

Amfanin man goge baki yana cikin sinadarin fulorayid, wanda ke shiga inamel ya ƙara masa juriya ga asid, ya kuma taimaka wa yawu wajen gyara. A duba jikin kwalin a ga an rubuta 1000 zuwa 1500 ppm. Bayan gogewa a tofar da kumfar, amma kada a bi da kurkura, don sinadarin ya zauna ya yi aiki. Yaron da bai kai shekara 3 ba a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kuma kamar ƙwayar wake, babba na tsaye a kansa don kada ya haɗiye. Komai ya yi yawa yakan ɓaci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 1.5 na fulorayid a kowace lita ta ruwan sha. A garin Tibiri kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, ruwan wata rijiyar burtsatse da aka fara sha a 1985 ya zarce wannan iyaka nesa ba kusa ba, ya ɓata haƙoran yara, ya kuma tanƙwara ƙasusuwan ɗaruruwa daga cikinsu. Wannan ya sa yake da kyau a riƙa auna ruwan kowace sabuwar rijiya kafin a buɗe ta ga jama'a.

Zaƙi da yunwa

A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a rana, idan ma an rage zuwa kashi 5 ya fi, wato kimanin ƙaramin cokali 6 ga babba. Yawancin lemon kwalba yana da kusan giram 10 na sukari a kowace mililita 100, ke nan robar rabin lita tana ɗauke da kimanin cokali 12. A lissafa kuma sukarin shayin safe da na zoɓo da na ƙanƙarar da ake sayarwa a ƙofar makaranta. Masu danƙo irin su alewa, tuwon madara, nakiya, gullisuwa da mazarƙwaila sun fi daɗewa manne da haƙori. Ba a ce a haramta su ba, amma a ci su tare da abinci, a bi da ruwa. A watan azumi ma a kula, domin mutane da yawa sukan sha kayan zaƙi da sahur su koma barci ba tare da goge baki ba. Bayan shan abu mai tsami kuma a kurkure da ruwa, a jinkirta buroshi na rabin awa, saboda a lokacin inamel ya yi laushi.

Ƙarancin abinci shi ma yana da tasa ɓarnar, wadda ta fi ta sukari muni. Akwai wata cuta mai suna noma, wadda sunanta daga harshen Girka yake, ba shi da alaƙa da noman gona. Tana kama yara masu tamowa, galibi 'yan shekara 2 zuwa 6, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Takan fara da kumburin dasashi da warin baki, cikin 'yan kwanaki ta cinye kunci da leɓe, kuma akasarin yaran da ba su sami magani ba mutuwa suke yi. Idan aka gano ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da abinci mai gina jiki da tsabtar baki suna tsayar da ita. A Sakkwato akwai asibiti na musamman da aka buɗe a 1999 domin masu wannan cuta, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta. Ɗalibin da ya saba leƙa bakin ƙanensa zai iya ceton rai.

Gwaji domin aji

Malamin kimiyya zai iya nuna wa ɗalibai aikin asid ba tare da ɗakin gwaji ba. A samo ƙwai biyu da kofi biyu. A zuba ruwa a kofi ɗaya, ruwan lemon tsami a ɗayan, a tsoma ƙwai a kowanne a bar su su kwana biyu. Ɗalibai za su ga ƙananan kumfa a jikin ƙwan da ke cikin tsami, daga baya su taɓa su ji ɓawonsa ya yi laushi, na cikin ruwa kuwa yana nan yadda yake. A bayyana musu cewa ɓawon ƙwai da inamel ba ma'adini ɗaya ba ne, amma dukansu kalsiyam ne ginshiƙinsu, kuma asid yana narkar da su. Daga nan a sa kowane ɗalibi ya rubuta duk lokacin da ya sa abu mai zaƙi a baki na tsawon kwana uku, a zo a ƙirga a aji. Ranar 20 ga Maris ta kowace shekara, wadda ita ce ranar lafiyar baki ta duniya, lokaci ne da ya dace da wannan darasi.

Kammalawa

Mun ga cewa warkewar ramin haƙori ta dogara ne ga gudan jinin da ya toshe shi, da kuma abinci mai laushi mai gina jiki wanda akwai shi a gidajenmu. Mun kuma ga cewa asid ɗin da ƙwayoyin cuta ke yi daga sukari shi ne ke huda haƙori, kuma minti biyu da safe da minti biyu da dare sun isa su rage ɓarnar ƙwarai. Kogon da aka kai asibiti da wuri cikewa ake yi, wanda aka yi wa jinkiri shi ake cirewa. Don haka muna kira ga malaman makarantun Yankwashi da Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura da su riƙa duba bakin ɗalibai a taron safe kamar yadda suke duba farce da tufafi, ɗalibai kuma su kai wannan ilimi gida ga iyaye da ƙanne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yaron da ya saba goge baki kafin barci kuwa da wuya ya bar ɗabi'ar idan ya girma.